Ranar da Na Shafa wa Mota Basilin

Wautar da na tafka a Alƙahira, ko akuya ta ji sai ta yi mini Allah ya kyauta. Lokacin sanyin ƙarshen 2013 ne, ina tuƙa wani Alhaji ɗan kasuwa a unguwar Mohandessin. Aka ce in kai Hajiyarsa filin jirgi, za ta Kano sunan jikanta na fari, ga hadari ya haɗo.

Na shirya mota kamar mai ƙetare sahara: bargo, tocila, dabino, har da filas ɗin shayi. Sai wata dabara ta faɗo mini. Ai jikin da ya sha basilin ruwa ba ya zama a kansa. Na lakato, na mulke gilashin gaba tas.

Usman maigadinmu, ɗan Sudan, ya ce, "Baba, wannan fa?"

Na ce, "Kai dai tsare ƙofarka. Ilimin mota ba a allo yake ba."

Muna hawa gada ruwa ya kece. Na kunna waifa, shara ɗaya ta yi, duniya ta koma koko. Na zuro kai ta taga ina rarrafe, ruwa na marina, direbobi na ta oda suna "Yalla ya hajj!", wato in yi sauri. Hajiya kuwa sai salati take yi. Muna isa aka ce jirgi ya tashi. Babu ita aka yi suna.

Alhaji dai bai kore ni ba. Amma duk ranar da gari ya yi sanyi, ina ɗaukar makulli Usman zai leƙo daga ɗakinsa: "Baba, ka yi wa motar shafa kuwa, ko yau da kaushi za ta fita?"