Hoton Baba da Muciyar Maiɗakina

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin ƙanwata a Filinge, ranar da na so in burge dangi da wayar salula, ta tona mini asiri a gaban surukai.

Lokacin ina malamin lakwal, wato makarantar boko, ina haya a wani gida ciki da falo. Takardu sun ci rabin falon: tsofaffin jaridu, kwafin jarabawa, hotuna, kwali kan kwali har gara ta fara yi mana hidima. Sai na sayi sabuwar salula. Wani abokin aiki ya nuna mini yadda ake ɗaukar takarda hoto a adana. Wallahi baki na saki! Kwali guda ya shige cikin abin da bai kai tafin hannu ba, kuma nauyinsa bai ƙaru ba. (Har auna ta na yi a hannu, kar ku gaya wa kowa.)

Na ɗauki hoton komai tas, na kwashi kwalayen na kai wa Inna Tabawa, tsohuwar da ke ƙosai a bakin tasha, ta riƙa ƙunshi. Ban ware ko ɗaya ba. Har da hoton marigayi Baba Garba, guda ɗaya tilo da muke da shi, cikin kakinsa na soja tun zamanin mulkin soja. Cewa na yi ai yana cikin salula, tsaf, har ya fi na takardar haske.

Abin da na manta shi ne Gwaggo Hajo, yayar Baba. Duk auren da za a yi a gidanmu sai ta zo daga ƙauye ta ce a miƙo mata hoton, ta shafa fuskarsa, ta gaya masa wanda ake aurarwa. Idonta ya yi rauni, amma wannan al'ada ba ta taɓa tsallake ta ba.

Ana zaune a tsakar gida, dangin ango cike da tabarmi, ta ce, "Ɗana, kawo min Garba in shaida mishi autarshi ta tashi."

Na miƙe ina gyara babbar riga, na yi ɗan jawabi kan ci gaban zamani (wa ya aike ni?), na buɗe hoton na sa mata a hannu. Mata suka matso suna salati. Gwaggo ta kai yatsa ta shafa fuskar ƙanenta kamar yadda ta saba. Hoton ya zame, na gaba ya fito.

Na gaban kuwa ni ne. Ranar kwashe kaya na tsinci tsohuwar hular sojan Baba, na kafa ta a kai, ba riga, tumbi a waje, na saɓa muciyar maiɗakina a kafaɗa kamar bindiga, na ƙame ina sara wa madubi.

Gwaggo ta kai salular daf da ido. Ta ce, "La ilaha illallahu! Yaushe Garba ya aje tumbi? Kuma mi ya kai shi ga muciya?"

Aka fashe da dariya. Uwar ango har da riƙe ciki. Maiɗakina ta ce, "Af, shi ya sa ran nan na nemi muciyata na rasa!" Ni dai na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta aje salular a tabarma ta ce, "Wannan gilas ne. Ina Garba?"

Nan kunya ta koma tsoro. A hankali na ce ai na ba mai ƙosai shi cikin kwali. Ta bar hannunta a buɗe kan cinya. Amarya ta fara hawaye a ƙarƙashin mayafi.

Sai Inna Tabawa, wadda aka ɗauko suyar biki, ta taso daga bakin murhu tana kwance haɓar zane. Ta ce, "Malam, ni ba ni ƙunsa ƙosai da fuskar mutum. Na aje, na ce mai shi zai nema, shi ya sa na taho da shi yau." Ta zaro hoton, da ɗigon mai a kusurwa.

Gwaggo ta karɓa, ba ta ko kai shi ido ba. Yatsanta ya bi wata tsohuwar karaya a tsakiya, ta ce, "Shi ne. Nan ya lanƙwashe cikin aljihuna ranar da aka rufe shi." Ta shafa fuskar ta ce, "Garba, autarka ta tashi." Shekara da shekaru hoton yana hannuna, ban taɓa sanin karayar tana da labari ba.

Har yau ina adana takardu a salula, falona fes. Amma hoton Baba yana cikin akwatin Gwaggo, kuma ba na miƙa wa tsohuwa salula sai na tabbatar wanda ke hoto na gaba yana sanye da riga.