Ranar da Mai Girma Ya Makara Jarrabawa

Jama'a, yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Da sassafe na ɗauki 'yata a babur zuwa makarantar nan ta ƙasa da ƙasa, inda ta samu gurbin karatu kyauta. Makarantar ba ta san wasa ba. Yarinyar ta yi karatu har ta rame, yanzu ko ruwa uwarta ta ɗora sai ta yi mata bayanin dalilin tafasarsa. Yau jarrabawar lissafi, kuma dokarsu in an rufe ƙofa sai baɗi. In ta rasa, gurbin ya tafi.

Muna isa kwanar makarantar sai ga igiya a gicciye. Wai Mai Girma Uban Alkawura zai wuce.

Na ce da mai tsaron igiyar, "Ɗan'uwa, yaushe zai wuce?"

"Yana hanya."

Maƙwabcina mai aski, da ke gefena bisa keke, ya ce, "Tun kafin in yi aure yake hanya, malam."

'Yata ta sauka ta cire takalmi. "Baba, ni dai ta kwalbatin can zan bi."

Kwalbatin kuwa sau biyu aka yi bikin buɗe ta, ba a taɓa tunawa da rufe ta ba. Ta taka wani siririn katako, ta haye, ta ruga. Sai da na ga ta shige makarantar numfashina ya dawo.

Can rana ta ɗaga sai ga jiniya. Aka kwance igiya, na bi bayan motocin. Ashe ɗansa Mai Girma ya rako wannan jarrabawar. Bawan Allah ya saba duk taron da za shi sai ya zauna ake farawa.

Malamar da ke kula da jarrabawar ta leƙo ta ce, "An fara tun ɗazu."

Wani mai riƙe masa jaka ya ce, "Kin san ko wane ne wannan?"

"Na sani, uban ɗalibi ne. Sai baɗi."

Yaron ya tsuguna yana kuka, wallahi ya ba ni tausayi. Direbansu ya raɗa mini cewa tun asuba yaron ya shirya, uban ne ya tsaya zaɓen hula.

Kada ku ce shugabanninmu ba sa aiki da gaggawa. Kafin in tayar da babur, Mai Girma ya kafa kwamiti mai ƙarfi don gano wanda ya ɓata wa yaron lokaci.