Turancin da Na Yi a Kan Soro

Ba zan taɓa mantawa da azumin nan da ya faɗo a tsakiyar bazara ba, shekarata ta uku a makarantar 'yan mata. Yau ga ni da jikoki suna yi min dariyar giɓi, amma da zarar na tuna ranar sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Abin da ya sa ma zan iya ba ku labarin, waɗanda suka gani da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, ba mai ƙara masa gishiri.

Gidanmu a Dala yake, gidan ƙasa, Baba yana sayar da fatu a Kasuwar Kurmi. Duk lungunmu ni kaɗai ce mace da ke zuwa boko, kuma ba da son Iya ba, wato kakata, mahaifiyar Baba. Ranar da tela ya kawo kayan makarantata ta kafa sharaɗi a tsakar gida kowa yana ji: "Ta je. Amma ranar da ta kwaso mana rashin kunya ta shigo da shi gidan nan, ranar ta gama." Baba ya ce ya ji, ya yarda. A gidanmu kuwa in Iya ta yanke magana ba mai ɗinke ta. Ni ko ina son makarantar nan kamar raina. Malama nake so in zama, in riƙa tafiya da alli a hannu ana tashi tsaye in na shigo aji.

To, a wannan shekarar ce wata Baturiya da muke kira Mai Tabarau ta fara yi wa manyan 'yan mata darasin tsafta. Wata Talata ta rufe ƙofar aji, ta ɗauki alli, ta rubuta kalmomi uku a baƙin allo: period, menstruation, sanitary towel. Ta yi bayani tiryan-tiryan, ko ƙifta ido ba ta yi ba. Da muka gane inda ta dosa sai aji ya nutse. Wasu suka cusa kai ƙarƙashin tebur, wata ta ja ɗankwali ta rufe fuska, ƙawata Ladi har hawaye ta yi don dariyar da ta danne. Abin da ko a gaban uwarka ba ka ambata, ga shi ɓaro-ɓaro a allo da farin alli.

Ni fa? Ni ce na ɗaga hannu. (Ku yi haƙuri da ni, tun ina ƙarama Allah Ya jarrabce ni da iyayi.) Na tashi na karanta ta tsakiyar, mai harafi goma sha biyu, na kuma jero haruffanta da ka. Mai Tabarau ta sa aka tafa min. A nan na gano wani abu da na ɗauka babban ilimi ne: in na faɗi abin da Turanci, ba na jin kunya ko kaɗan. Kalmar ba ta san Iya ba, ba ta san lungunmu ba, fita take daga bakina sumul kamar ina kiran sunan wani gari a taswira. Kafin a tashi Baturiyar ta ƙara da cewa duk mai amfani da tsumma ta wanke shi da sabulu ta shanya shi a rana sosai, don rana ce ke kashe ƙwayoyin cuta. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙasa.

A gida kuwa abin ba shi da suna. Sai dai a ce wance tana fashin salla, ko ta yi baƙo, shi ma a raɗa. Tsumman da ake amfani da shi, ƙunzugu, in an wanke a ƙarƙashin gado ake shanya shi, ko a rataye a ƙusa a lulluɓe da tsohon zane, ya kwana biyu yana fama bai bushe ba. Da azumi kuma sai wasan ya ƙara armashi. Wadda ba ta azumi za ta tashi sahur da kowa, ta wuni tana lasar leɓe tana tambayar ko la'asar ta yi, in an kira magariba ta fi kowa rige-rigen kunu. Abincinta na rana a ɗakin Iya take ci, a bayan ƙofa, a tsaye. Duk don kada mazan gida su gane. Ni a lokacin gani nake wannan duhun kai ne tsantsa, kuma Allah Ya aiko ni in kunna musu fitila.

Ranar da abin zai faru muna hutu, azumi ya kai sha bakwai, ni kuma ina kwana na biyu da baƙona. Da hantsi na wanke tsummokarana guda huɗu da sabulu. Na dubi ƙarƙashin gado, na tuna layi biyun da na ja a littafi, na ce ina, ba da ni ba. Akwai matakalar ƙasa a bayan ɗakin Iya da ake hawa soro in za a shanya kuɓewa ko barkono. Na faki ido na haye. Na baza su reras a rana, na danne kowanne da tsakuwa. Da na ga wurin shiru ga iska, sai na ce me zai sa in ci abinci a tsaye kamar ɓarauniya? Na sauko na ɗauki kwanon ɗumamen da Inna, mahaifiyata, ta ɓoye min, na koma sama na miƙe ƙafa.

Abin da ban sani ba, ranar Baba bai fita kasuwa da wuri ba. Damina ta kusa, ya kira magini ya duba soron kafin ruwa ya sauka. Don kada baƙo ya ratsa ta cikin mata, sai suka kafa tsani ta waje, ta lungu. An aiko cikin gida cewa mata su shiga ɗaki, maza za su hau sama. Kowa ta ji ta shige, ban da mai ilimin gidan, wadda ke can sama tana gutsurar tuwo. Na dai lura tsakar gida ta yi tsit, har na ce a raina yau azumi ya kama su.

Hula na fara gani ta ɓullo ta bakin katanga. Sai goshi. Sai fuskar Baba gaba ɗaya. Ni kuma loma tana bakina, miyar kuka har wuyan hannu, tsummokara huɗu a jere a gefena kamar na kasa su sayarwa.

Ku ji abin da bawan Allahn nan ya yi. Idonsa ya sauka kaina, ya sauka kan kwanon, ya sauka kan shanyar, duka bai kai ƙiftawa ɗaya ba. Sai ya ƙarasa hawowa, ya juya min baya, ya miƙa wa maginin hannu yana cewa, "Hawo a hankali, Malam Tanko. Ta wancan gefen ne yake zuba, wajen indararo." Malam Tanko, tsoho ne mai furfura, shi ma ya hawo ya bi yatsan Baba da kallo, suka nufi can ƙarshen soron suna ƙwanƙwasa yaɓe. Wato an buɗe min hanya. Abin da ya rage min kawai in haɗiye lomata, in tattara kayana, in sulale ta matakala. Ko akuya aka yi wa haka ta san ta gudu.

Amma ni ba akuya ba ce, 'yar aji uku ce. Zuciyata ta ce min: yanzu Baba zai ɗauka karya azumi kike yi da gangan, ga baƙo ya gani, gobe a ce 'yar boko ba ta azumi, magana ta kai kunnen Iya. Dole ki wanke kanki. Da Hausa ba zai faɗu ba, ko za a yanka ni. Sai na tuna ai ina da harshen da ba a jin kunya a cikinsa. Na miƙe tsaye, na haɗe ƙafafu, na sa hannu a baya yadda muke yi in sufeto ya zo, na ɗaga murya yadda na bayan aji zai ji:

"Please, sir, I am not fasting because I am having my menstruation."

(E, "sa" na ce wa uban da ya haife ni. Har yau ban san daga ina ta fito ba.)

Baba bai san ko "zo" da Turanci ba. Na ga bayansa ya sandare, amma bai juyo ba. Malam Tanko ne ya juyo, fuskarsa cike da murna, don bai taɓa jin 'ya mace Bahaushiya ta yi Turanci ba. Ya ce, "Ikon Allah. Malam, ashe abin har ya kai haka? Kamar a bakin Joji, Baturen kotu. 'Yata, maimaita min ta ƙarshen nan, mai tsawon." Ni kuma, da yake an saba in malami ya ce maimaita a maimaita, na maimaita. Ya gwada faɗa, harshensa ya harɗe, ya sake gwadawa da ƙarfi har ta fito kusan daidai, tana amsa kuwwa a tsakar gidanmu. Sannan ya yi tambayar da kowane mai hankali zai san tana tafe, ban da ni: "To, me ke nan da Hausa?"

A nan Turancin ya gudu ya bar ni. Kalmar da nake taƙama ba ta san kowa ba, ga shi an ce in kamo hannunta in gabatar da ita ga ubana da tsakar rana, cikin azumi, ina tsaye kusa da shaidu huɗu. Na dubi matakala, ta yi min nisa kamar Ƙofar Na'isa. Wallahi na yi tunanin in dira ta lungu, in na karye ma a ce tsautsayi ne.

Sai na ji muryar Baba, a natse, har yanzu bai juyo ba: "Cewa ta yi indararon ɗakin Iya ma a toshe yake. Mu je ka gani, Malam Tanko." Tsohon ya ce, "Duk wannan doguwar kalma indararo ce? Kai, Bature da wahalar da kai yake." Ya bi bayan Baba. Ko ya yarda ne, ko shi ma kara ya yi min, Allah kaɗai Ya sani. Na dunƙule kayana a cikin zane na gangaro, na bar kwanon a can.

A gindin matakala na tarar da Iya. Ta ji komai ta taga, ta kuma ga abin da ke leƙowa ta gefen zanena. Ba ta buƙaci tafinta ba. Ta ce, "A rana kika baza su? Maza suka hau suka gani? Sannan kika buɗe baki kika yi musu shela?" Na ƙara cusa su cikin zanen, amma an riga an makara. Ta ce, "Madalla, Baturiya. Ki ninke kayan makarantar nan, za su yi wa ƙannenki." Na shige ɗaki na yi kuka mai isata. Ba kunyar ce ta fi ci na ba a lokacin, makarantar ce. Na san da bakina na yanka wuyana.

Bayan an sha ruwa Baba ya shigo gaishe ta kamar kullum, ya tsuguna a bakin ƙofa. Ni ina ɗakin Inna na manna kunne da asabari. Sai ku san cewa Baba ɗan fari ne a wurin Iya. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, magana ma a kaikaice take yi masa kamar da bango take. Ta ce, "An hau soro ɗazu."

Ya ce, "An hau, Iya."

"To, me aka gani?"

"Tsaga biyu ta gabas, da indararo ɗaya a toshe. Jibi zai zo da makuba ya yaɓe su."

"Shi ke nan abin da aka gani?"

"Shi ke nan."

"Ba a ji wata magana ba?"

"Yarinyar nan ta yi Turanci. Ni kuwa ba na ji."

In Iya tana so ta cire ni, sai ta faɗi laifina. In za ta faɗi laifina, sai ta ambaci abin nan da bakinta, a gaban ɗanta na fari. Na ji ta ja numfashi, ta fara "Wato ita...", ta tsaya. Ta sake ɗaukowa ta wani gefen, nan ma ta tsaya. Can sai ta yi tsaki ta ce, "A gaya wa maginin ya cika makubar, bara ƙwauro ya yi."

Da hutu ya ƙare na sa kayana na tafi makaranta, ba wanda ya ce min kanzil. Iya dai ta yi wata guda ba ta kirana sai "mai shela". Baba kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa nuna min ya san wani abu ya faru a soron nan ba, kuma ban taɓa son sa kamar yadda na so shi a wannan maraicen ba.

Na zama malamar, na shekara talatin ina rubuta kalmomin nan uku a allo. Maganar rana gaskiya ce, ina koya wa yara ita, sai dai nakan ce a nemi inda tsani ba ya kaiwa. In kuma na ga mai rawar kai irina ta ɗaga hannu tun ban gama tambaya ba, nakan ja ta gefe bayan an tashi in ce: 'yata, kalmar ki riƙe ta, za ta yi miki amfani a asibiti. Amma duk ranar da babba ya kama ki dumu-dumu sannan ya juya miki baya, ba bayani yake jira ba. Haɗiye lomarki ki sauka.