Abin da ke Ƙugun Hajiya Furera

Hajiya Furera tana da wata 'yar al'ada idan za ta shiga mota. Kafin ta rufe ƙofa sai ta dubi direba ta ce, "Ta Maryland za mu bi, ko da za mu wuni a hanya." Daga Hyattsville ta jihar Maryland, inda take da shagon kayan abincin gida, zuwa cikin Washington tafiya ce kaɗan, amma ba ta yarda a ratsa da ita ta can. 'Ya'yanta sun ɗauka rigimar tsufa ce. Mu da muka zauna da marigayi mijinta muna jin su, ba mu ce komai ba.

Wata Asabar a shekarar 2013 jikanta Misbahu ya zo ɗaukarta. Injiniya ne, a Kano ya tashi, karatu ya kawo shi ya zauna. Tun da Hajiya ta ajiye tuƙi shi ne ƙafarta, duk inda za ta shi ke kai ta. Ni ma na roƙi a rage mini hanya, ina kujerar baya.

Misbahu ya ce, "Lafiya ƙalau, amaryata. Ya gajiyar tsufa?"

"Tsufa yana gidanku. Kai ne miji, ka zo wa mace ko goro babu?"

"Goro da wane haƙori? Waɗanda suka rage ai na ado ne."

"Da su na tauna kakanka shekara da shekaru. Kai loma ɗaya ne."

"To, ina za mu yau?"

"Wurin mai gyara, can gaban Bethesda. Ta Maryland za mu bi."

"Na sani, na haddace. Me ya lalace, keken ɗinki?"

"Abin da ya lalace ba na yara ba ne. Ja mota."

Muka tarar ana gyaran titi, motoci sun cushe ba gaba ba baya. Hajiya ta ɗauko carbi, ba ta yi nisa ba barci ya sace ta. Ni ma ido ya ɗan yi mini nauyi. Taswirar wayar Misbahu ta ce masa ya bi Riggs Road, shi kuma ya bi.

Da Hajiya ta farka ta dubi allon titi, ta daɗe tana dubansa. Muryarta ƙasa-ƙasa ta fito.

"Maigida, ina ne nan?"

"Yanke na yi miki. Ta cikin Washington ya fi kusa."

"Ka tsallake Eastern Avenue, iyakar Maryland da Washington?"

"Tun ɗazu, kina can kina minshari kamar janareta."

"To. Riƙe sitiyari da hannu biyu. Kada ka yi gudu, kada ka yi sanyi. Ka ba da sigina, ka nemi inda za ka juya."

"Wa kika kashe a Washington, tsohuwa?"

"Ban kashe kowa ba. Amma abin kisan yana jikina."

Ta ɗan ɗaga gefen mayafi. A ƙugunta na dama, saman ɗaurin zane, akwai wani ƙaramin kube na baƙar fata, gindin bindiga ya leƙo daga ciki. Ta saki mayafin.

Motar ta yi 'yar rawa a titi. Misbahu ya daidaita sitiyari.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kaka, mene ne wannan?"

"Yanzu na koma Kaka? Ɗazu amarya ce."

"Ta gaske ce?"

"A'a, ta alewa ce, na saya wa jikoki."

"Da harsashi a ciki?"

"Da gyaɗa."

"Kina da lasisi?"

"Ina da shi, na Maryland. A nan cikin Washington takardar naɗe ƙosai ce. In aka kama ni da ita ɗauri ne. Kai kuma da ka ɗauko ni, ban san me za su kira ka ba."

"Wata mai zuwa zan je intabiyun zama ɗan ƙasa, Kaka."

"Shi ya sa na ce hannu biyu."

Ya dube ni ta madubi. "Baba, ka sani?"

Na ce masa ya dubi gabansa, danja ta ba da ja.

Muka tsaya. Kamar an aiko ta, wata motar 'yan sanda ta zo ta tsaya dab da mu ta hagu. Gumi ya fara bin wuyan Misbahu har cikin kwalar riga.

"Ka daina kallonsa kamar ka sace masa akuya," in ji Hajiya, bakinta ko motsi ba ya yi.

"Ba kallonsa nake ba."

"To ka daina ƙin kallonsa. Wuyanka ya sandare kamar na gawa."

"Wallahi in ya buga gilas zan ce ban san ki ba. A titi na tsince ki."

"Ka ce masa matarka ce, ka ga wanda zai fi tausaya wa."

"Na sake ki. Saki uku, Baba ne shaida."

"Sakin da aka yi da rawar murya ba ya hawa kaina. Kore ta kawo, ja a hankali."

Ɗan sandan ya miƙe abinsa, ko ta kanmu bai bi ba. Misbahu ya juya a kwanar gaba. Muka sake tsallake Eastern Avenue. Bai nufi Bethesda ba, gidan Hajiya ya mayar da mu, ita kuma ba ta hana shi ba.

A falo ya ƙi zama. Yana tsaye jikin ƙofa, makullin mota a hannu.

"Tun yaushe?"

"Kana Kano kana fitsarin kwance."

"Ranar sunan Kausar tana jikinki?"

"Tana nan."

"Da kika goya jaririyar?"

"Ta hagu na karkata ta."

"Ranar da na rungume ki na ce kin rame, ƙashin ƙugunki ya fito?"

"Na ce maka rashin kulawar miji ne."

Ya dafe kai. "Mace mai carbi. Mace mai sayar da kuka da daddawa. Jama'a na cewa Hajiya Furera ko ƙuda ba ta iya kashewa."

"Ƙuda bai taɓa ɗora mini ƙarfe a goshi ba."

Hajiya ta zauna, ta cire mayafi ta ninke.

"Bayan rasuwar kakanka ne. Da rana tsaka, ina auna wa wata mata garin rogo, yara biyu suka shigo. Ko gemu ba su da shi. Ɗaya ya sa mini ita a nan." Ta taɓa tsakiyar goshinta. "Sanyinta har yau ina ji in za a yi ruwa. Da suka fita na duba ƙasa, na ga na jiƙa zanena a gaban mutane. Ban gaya wa uwarka ba. Na je na koya, na nemi takarda, na sayi wannan."

"Kin taɓa harbin wani?"

"Takarda kawai, a wurin koyo. Allah bai sa na nuna wa ɗan kowa ita ba."

"To ta yi aikinta, Kaka. A sallame ta."

"Kai za a sallama."

Ta zaro bindigar, bakin yana kallon ƙasa, ta cire gidan harsashi ta ajiye can gefe. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi tafin hannun namiji ba. Baƙinta ya koɗe a gefe da gefe, inda babban yatsa ke zama har ƙarfen ya yi fari.

"Wannan ai sa'arki ce," in ji Misbahu daga nesa. "Tare aka yaye ku. Ko gidan tarihi sai sun yi shawara kafin su karɓa."

"Bakinka ɗaya da Alexander mai gyara. Duk zuwan da na yi sai ya fito mini da sababbi, wai sun fi sauƙi, wai sun fi cin harsashi. Yaƙi zan je? Na riƙe ɗaya, kamar ludayin roba. Wannan kuwa ko ido a rufe hannuna ya san inda komai yake. Ban taɓa kiranta ta ƙi amsawa ba. In na ɗaura zane na ji nauyinta, sai in buɗe shago ba faɗuwar gaba."

"Kakana ma bai samu wannan yabon ba."

"Kakanka ya tafi ya bar ni. Ita ba ta je ko'ina ba."

Misbahu ya juya makullin motar a yatsa. Da ya sake magana ba wasa a muryarsa sosai.

"To ki zaɓa. Ko ni ko ita. Motata ba za ta ƙara ɗaukar ku tare ba. Asibiti, shago, gidan suna, ki nemi mai kai ki."

"Ka ga ragon miji. An ga ɗan ƙarfe an fara rabon gado."

"Da gaske nake."

"Na sani. Bari a gyara ta tukuna, sai mu yi shari'a."

"Me ma ya lalace a jikinta?"

"Ta yi tauri. Ba ta jawuwa baya in za a ɗana ta. Tun sanyin bara take yi mini haka, kullum ƙaruwa yake. Sifirin ne ya tsufa."

"Nuna mini."

Ta kama saman bindigar da hannun hagu ta ja. Ya ɗan motsa ya koma. Ta gyara zama, ta dafe ta a cinya, ta cije leɓe ta sake ja. Bai kai rabi ba ya kuɓuce mata.

"Ka gani? Zo ka gwada, in kana da ƙashi a hannu."

"Ni? Allah ya kiyaye. Ko a fim rufe ido nake."

"Na cire gidan harsashi, kuma ba na barin ko ɗaya a bakinta. Ka kalli da ita ƙasa, ka ɗauke yatsa daga kunama. Zo, mijin hotiho."

Ya matso kamar mai zuwa ɗaukar maciji. Ya karɓa da 'yan yatsu, ya kama inda ta nuna, ya kawar da fuska, ya ja. Abin ya tafi baya sumul, ya dawo da ƙara ƙas. Ya tsorata har ya kusa yar da ita.

"Sake," in ji Hajiya.

Ya sake. Haka ta tafi, kamar an shafa mata man shanu.

Hajiya ba bindigar take kallo ba. Hannayenta ta ɗora a cinya, ta juya su ciki, ta juya su baya. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, na tsakiyar ya ɗan karkace. Ni na mayar da idona kan labule.

"Tun sanyin bara," ta faɗa, ba da kowa take ba. "Da wani ya shigo shago fa?"

Misbahu ya ajiye bindigar a tebur a hankali. Na ga ya haɗiye abin da ya fara zuwa masa a baki. Ya durƙusa a gabanta.

"Ai ni na san abin da ya faru. Ƙarfina ne ya gyara ta. Shekara nawa kina cewa ba ni da ƙashi?"

"Kai ɗin? Da ɗan sanda ya tsaya kusa da kai har kujerar mota ta ji tausayinka."

"Duk da haka na fito da ke. Wanne ya fitar da ke daga Washington yau, ni ko ita?"

"Wa ya shigar da ni?"

"Wannan tsohon zance ne. Ki riƙe ni kawai, Hajjaju. Ba na tsatsa, ba na buƙatar lasisi, kuma ana shiga da ni ko'ina."

"Kana dai cin tuwo kamar mutum uku."

"Ita ba ta iya ɗauko miki buhun shinkafa daga mota."

Hajiya ta dube shi, ta daɗe. Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa da ruwa a ido. Ta share da bakin zane.

"Allah ya isa tsakanina da kai. Shiga ɗaki, ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe, ɗauko."

Ya kawo. Ta kwance kuben daga ƙugu, ta sa hannu ta shafa inda ya saba zama, ta gyara ɗaurin zanen da ya yi mata sako-sako. Ta ciro ɗan makulli daga cikin lalitarta ta miƙa masa.

"Ungo. Ba kyauta ba ce, ajiya ce. In ka ɓatar da shi sai na aure maka ƙani."

"Na karɓa. Sakin ma na janye."

"Wa ya ce zan koma?"

Ya buɗe akwatin, a ciki akwai ɗan tsumma da kwalbar mai. Ta ce ba a ajiye ƙarfe a bushe. Ta ɗiga man, ta fara goge bindigar a hankali, tun daga baki har gindi, gefe ɗaya ya yi ƙyalli. Ta juya ta don ta goge ɗaya gefen, sai ta tsaya, tsumman a hannu. Can ta sa ta a akwatin, ta shimfiɗa tsumman a kanta haka nan, ta ja murfin.