Yadda Za Ka Auri 'Yar Tsohon Soja da Tankar Yaƙi

Ɗan'uwa, in ka bi matakan nan, na yi maka alkawarin surukinka da kansa zai zuba maka shayi. Na gwada su a kan Uwais, direban katafila da muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Manfuha ta Riyad, kuma yanzu yana da mata.

1. Ka gano ciwon tsoho

Uwais Shafa'atu yake so. Mahaifinta, Baba Mamane, tsohon sojan Nijar ne da ke zaune wajen babban ɗansa a unguwar Al-Jaradiya. Ya kori manema da dama, wai ba su san komai ba sai canjin riyal. Shafa'atu ce ta tsegunta mana cewa hira ɗaya ke sa shi murmushi: manyan tankoki masu nauyi na bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kai ma ka nemi mai tsegunta maka.

2. Ka haddace sunaye, kada su yi yawa

Ga labarin a taƙaice. Sobiyet ta fito da IS-3, hankalin Turawan Yamma ya tashi. Amurka ta ƙera M103, Ingila ta ƙera Conqueror, Sobiyet ta ƙaro T-10. Ya ishe ka. Ka riƙa faɗin sunayen a hankali, kamar na 'yan'uwanka da suka yi nisa. Uwais a cikin jirgin ƙasa na metro ya yi haddarsa, har wani Bafilipine ya canza kujera.

3. Ka tausaya wa gada

Masani ba ya yabon tanka, jimaminta yake yi. Da aka ambaci Conqueror, Uwais ya girgiza kai ya ce ta haura tan sittin, shi gadojin da ta taka yake tausayi. Baba Mamane ya ajiye kofinsa, ya sa aka rage ƙarar talabijin.

4. Kada ka yi ƙarya, tsoho zai yi maka ita

Dole a tambaye ka ko ka taɓa tuƙawa. Uwais ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni kullum a kan sarƙa nake wuni." Gaskiya ce tsantsa, katafila ma, kamar tanka, a kan sarƙa take tafiya. Tsoho ya gyaɗa kai, ya ce ya gane, akwai aikin da ba a faɗa.

5. Ka rufe da ta'aziyya

Ka sassauta murya, ka ce makamai masu linzami sun zo, tankoki matsakaita sun samu manyan bindigogi, sai aka daina ƙera masu nauyin. Nan Uwais ya zuba wa darduma ido. Baba Mamane ya share ido da gefen rawani, ya kira ɗansa ya ce a sa rana.

6. Ka yi tanadin bayan biki

Wannan matakin ne ban tsara da kyau ba. Kowace Juma'a bayan an ci shinkafar kabsa, tsoho yakan jawo matashin jingina ya ce, "To, ɗana, ina muka tsaya?" Ba a jima ba tankokin Uwais suka ƙare, ya koma maimaita gadoji. Shafa'atu tana kicin tana dariya, ta ƙi taimaka masa.

Jiya tsoho ya yi masa albishir. Tsohon kwamandansa, wanda ya yi kwas ɗin tankoki a ƙasar waje, zai zo umra, kuma ya ce sai ya biyo Riyad ya gana da wannan suruki. Tun safe Uwais ke roƙon kafil ɗinsa, wato ubangidansa na aiki, ya tura shi aikin hanya a tsakiyar sahara.

Gargaɗi

Ni shawara na bayar, ban ɗaura wa kowa aure ba. Duk wanda kwamanda ya ritsa da shi, kada ya ambaci sunana. Uwais, in kana karantawa, na canza lamba, katifar da ka bari tana wajen mai shagon layinmu.