Lauyan Gidanmu da Igiyar Sa'adu

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta ta. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal ba, ina tsoron in rubuta abin da ba daidai ba, ina kuma tsoron a ce na baza maganar gida a waje. Sai da na nemi izinin ƙanena Sa'adu, tunda ƙafarsa ce. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in yi abin da na ga dama.

Ni mai lambu ne a bakin tafkin Madarumfa, kuma mutum ne mai wasu-wasi (irin wanda zai kulle ƙofa, ya kai bakin hanya, ya dawo ya sake girgiza kwaɗon). Shekarun baya an tsinci gawar wani masunci a tafki. Da yake sun taɓa cacar baki da kawunmu, jandarmomi suka tafi da kawu. Wani lauya daga Maradi, wanda kowa ke kira Metir, shi ya tsaya mana. Ya matsa sai da aka kawo bayanin likitan da ya duba gawar, aka tabbatar ruwa ne ya ci mutumin, babu hannun kowa. Kawu ya dawo gida. Tun daga nan Metir ya zama namu a raina, kamar wanzamin gida. Duk shekara in na cire albasa sai na aika masa.

Sa'adu kuwa aparanti ne, wato yaron mota, a babbar motar wani Alhaji mai kai kaya Najeriya. Wata safiya ana lodin wake, yana saman buhuna yana jan igiya, igiyar ta tsinke, ya faɗo, cinyarsa ta karye. Ɗorin gida bai yi kyau ba, ƙafar ta warke a karkace, likita ya ce sai an yi aiki. Alhaji ya sallame shi. 'Yan sandika, wato ƙungiyar direbobi, suka sama masa lauya, aka kai ƙara Maradi, don a ba shi abin da zai yi aikin ƙafar. Ni ne shaida, domin ina tasha a ranar.

Abin da na sani kashi biyu ne. Igiyar ta tsufa, kuma da kunnena na ji Sa'adu yana faɗa wa direba, direba ya ce Alhaji ya ce a lallaɓa da ita. Amma kuma da idona na ga Sa'adu ya ƙulle inda ta sassaƙe da hannunsa, kuma a daidai ƙullin ta tsinke. Wannan ƙulli ya hana ni jin daɗin tuwo. In na faɗa, na cuci ƙanena. In na yi shiru, ina zan sa kaina ranar gobe ƙiyama? Ban gaya wa kowa ba, ban kuma tambayi wane lauya aka ɗauka ba. Da Sa'adu ya ce an sami lauya, a kaina lauya ɗaya ne a duniya.

Ranar shari'a Sa'adu ya riga ni shiga ciki da sandunansa. Ina tsaye a baranda sai ga Metir cikin baƙar rigarsu ta lauyoyi, ya ƙara ƙiba, furfura ta fito. Na yi hamdala, na ruga na durƙusa. Ya gane ni, ya tambayi kawu, ya yi godiyar albasa. Sai na jawo shi gefe na ce akwai magana kan igiyar Sa'adu. Ya ɗaga hannu ya ce in dakata. Na ɗauka sauri yake, sai na ƙara sauri ni ma. Ya ja baya, na bi shi. Ya sake cewa in dakata, na ce yanzu zan gama. Na zazzage masa komai, har yadda aka yi ƙullin, na kwatanta da igiyar wandona (eh, a barandar kotu). Na ƙare da tambayarsa ko in faɗa ko in haɗiye.

Ya dube ni jim, ya ce, “Malam, ka je ka yi magana da lauyanku.”

Na yi dariya. Na ce a raina manyan mutane akwai barkwanci.

Da na shiga sai na ga wata matashiya da baƙar riga kusa da Sa'adu, yana ce mata Madam. Na ɗauka mai riƙe wa Metir jaka ce. Metir kuwa ya shigo, ya wuce mu, ya je ya zauna kusa da Alhaji. Tausayinsa ya kama ni, na ce tsufa ya fara taɓa shi. Na tashi a gaban mutane, na ƙetara, na taɓa kafaɗarsa, na ce masa cikin ladabi (ni dai na zaci raɗa nake yi), “Metir, kun ɓata wuri, namu ga shi can.”

Ya amsa a hankali, “Yau Alhaji nake wa aiki, Malam. Sau biyu na ce ka dakata.”

Ɗakin ya ɗauki dariya, har da Alhaji. Wani ɗan sanda ya riƙo hannuna ya mayar da ni benci kamar tunkiyar da ta shiga gonar wani. Sa'adu ya matso ya tambaye ni abin da na gaya wa mutumin a waje. Na ce gaisuwa ce kawai. Ni da na kwana biyu ina gudun ƙarya, ga ta na yi tun kafin a rantsar da ni.

Aka kira ni, na ɗaga hannun dama na rantse. Madam ta yi tambayoyinta, tafinta yana juya mini. Na faɗi tsufan igiyar, na faɗi maganar direba. Sai Metir ya miƙe. Ya tambayi inda nake tsaye lokacin da Sa'adu ya faɗo, ya tambayi ko na taɓa aikin mota, na ce a'a. Ya zauna. Ko kalmar ƙulli bai furta ba. Alƙali ya ce in koma mazaunina.

Da na tafi, da shi ke nan. Amma ƙafata ta ƙi ɗagawa. Na ce a raina Metir ya sani, ya kuma san na sani, yana kallona na rufe baki da rantsuwa a wuyana. Sai na ɗaga yatsa kamar ɗan lakwal, na ce akwai saura. Na faɗi maganar ƙullin tiryan-tiryan. Tafinta ya dubi Madam, ya dube ni, kamar yana ba ni damar in janye, sannan ya juya da Faransanci. Madam ta ajiye bironta. Metir ya cire tabarau ya dafe goshi.

A waje Sa'adu bai yi faɗa ba, na so ma ya yi. Ya gyara sandarsa a hammata ya ce, “Yaya, shi da aka biya don ya kayar da ni bai tambaye ka ba.”

Da hukunci ya fito, aka ce laifin na mutum biyu ne, Alhaji da Sa'adu. Abin da aka ba Sa'adu bai kai kuɗin aikin ƙafar ba. Yanzu yana zaune a bakin tasha yana sayar da katin waya, ƙafar miƙe a gefe. Muna gaisawa, yana cin abincin gidana, amma in ana hira na shigo, sai ya ce wa mutane su yi a hankali, ga shaida ya iso. Su yi dariya, ni ma in yi.

Daga baya ne Madam ta fahimtar da ni cewa lauya yau yana kare wanda ake zargi da kisa, gobe ma'aikacin da aka kora, jibi mai gidan da ya yi korar. Ta ce da ita na kawo wa maganar tun farko, da ta nuna wa kotu cewa wanda aka hana sabuwar igiya dole ya ƙulla tsohuwa. Wato gaskiyata ba ita ce matsalar ba, inda na kai ta ne. Na koyi cewa in babba ya ce ka dakata, to ka dakata, kuma kafin ka buɗe wa mutum cikinka ka duba bencin da zai zauna.

Ga abin da ya sa na rubuta. Na ji ana cewa ɗaukaka ƙara yana da lokaci, kuma ina tsoron namu ya wuce, amma kunya ta hana ni komawa wurin Madam. Duk mai karatu da ya san shari'ar ma'aikata a ƙasar nan, don Allah ya sanar da ni ko akwai wata ƙofa da ta rage wa Sa'adu. Wanda kuma ya san asibitin da ke gyara cinyar da ta warke a karkace, a Maradi ko Katsina, cikin sauƙin da mai lambu zai iya, ya taimaka ya faɗa mini. Wannan karon zan saurara har a gama magana.