Jinjirin Wata a Soron Halfan

Rana ta faɗa bayan duwatsun Nizwa, ranar ashirin da tara ga azumi, lokacin da Zuwaina ta gama kafa madubin hangen nesanta a saman soro, da kyamara ɗaure a gindinsa. Kakanta Halfan na zaune kan tabarma da gahawarsa. Shekara arba'in shi ke fara ganin jinjirin wata a unguwar, kafin yanar ido ta raba shi da watan shekara shida da suka wuce. Ita kuwa ta ci alwashin yau sai ya gan shi.

"Barka da shan ruwa, tsoho mai ran ƙarfe."

"Barka kadai, sarkin yaƙi. Wa za ki harba da wannan igwa?"

"Watan da ya gagare ka."

"Ni? Mun saba da shi tun ubanki bai iya ɗaura zane ba. Ni na daina kula shi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Nawa rimin daga Maskat na sayo, har da takardarsa."

"To hau mu gani."

Ta duba waya, ta juya madubin dama, ta juya hagu. Ba komai sai jan gajimare, ga jinjiri ba ya daɗewa yake bin rana.

"Shiru nake ji, ko igwar ce ta yi barci?"

"Kaka, zai faɗi ban same shi ba."

Tsohon ya ajiye kofi, ya miƙe yana laluben katanga har yatsunsa suka faɗa cikin wasu tsage-tsage.

"Kakarki Shamsa ce ta yi su da wuƙar yankan dabino. Ni in hango, ita ta tsaga, tana cewa wata ya fi ta samun kallona. Wannan ta lokacin nunar dabino ce. Ɗora haɓarki nan, ki dubi tsakanin duwatsun nan biyu, ki ɗaga yatsa huɗu."

Ta auna, ta karkata madubin. Sai ga shi, siriri kamar yankan farce. Ta ɗauki hotonsa, ta faɗaɗa, ta kwance kyamarar ta kai ta dab da idonsa na hagu mai sauran gani.

Ya ƙura wa hoton ido.

"Ya rame," in ji shi.

"Ba dole ba? Shekara shida ba ka kula shi."

Ya yi dariya har sai da ya share ido da gefen rawaninsa.

"Kin ci ni, 'yar nema. Kira liman ki shaida masa an ga wata a soron Halfan, ki ce ke kika gani."

Ta miƙa hannu za ta karɓi kyamarar, ya ƙara riƙe ta.

"Je ki dai. Wannan bar mini shi tukuna, ba mu gama gaisawa ba."